Amsa ga 'yar uwar da jini ya ƙi ɗauke mata bayan allurar wata uku

Wa'alaikumus salam 'yar uwa, sannu, Allah Ya ƙara sauƙi. Kin ce kin yi allurar tazarar haihuwa ta wata uku a kemis bayan kin yaye yaronki, yau sati shida jini na ta ɗiga, maigida ya fara tsaki, kina tambaya ko akwai abin da zai wanke allurar, ko kuwa ki je a sa miki ashana, wato 'yar sandar tazarar haihuwa da ake sawa ƙarƙashin fatar hannu. Wallahi da na karanta sai da raina ya sosu, don wannan ɗigon na san shi, kuma da yawa cikin masu karantawa sun san shi, shiru kawai suke yi.

Babu abin da ke wanke ta. Duk wanda ya ce ki sha tsamiya ko kanwa, ko a ƙara miki ruwa ta fita, wahala zai ƙara miki. Allurar nan, wadda ake kira Depo, miligiram 150 ce ake zubawa cikin tsoka, tana shiga jini kaɗan-kaɗan har sati 13, ragowarta ma kan wuce haka. Abin da take yi shi ne ta sirantar da shimfiɗar cikin mahaifa, ƙananan jijiyoyin wurin su yi rauni, shi ne kike ganin ɗigo yau, gobe ya ɗauke, jibi ya dawo. Watannin farko ne suka fi muni. Idan aka ci gaba, mata da yawa al'adar ma ɗaukewa take yi gaba ɗaya, kuma ba taruwa jinin yake yi a ciki ba kamar yadda ake faɗa a gidan biki.

Akwai abin da ke tsayar da shi na ɗan lokaci. A ɗakin tazarar haihuwa sukan ba da mefenamic acid, miligiram 500, safe da dare bayan cin abinci, kwana 5. Mai olsa ko ciwon ƙoda ko asma kada ta taɓa shi sai ta faɗa musu. Wata kuma a ba ta ƙwayar tazara mai haɗi biyu ta sha kwana 21, amma ba a ba mai hawan jini, ko mai ciwon kai na ɓari ɗaya da ke zuwa da walƙiya a ido. Ki roƙi maganin ƙarin jini, ki dage da zogale da hanta da wake.

Mai kemis ɗin nan shi ne ya fi ba ni haushi. Ya gwada jininki ya ga ko ya hau? Na tabbata bai yi ba, alhali wadda nata ya kai 160 bisa 100 ba a yi mata wannan allurar. Ya tambayi ranar al'adarki ta ƙarshe? Ya ba ki kati mai ranar dawowa? Ya ce miki jini zai iya rikicewa? Minti biyu ya ishe shi ya faɗa. A'a, ya karɓi kuɗi, ya ce juya, ya soka, ki tafi gida ki yi ta fama. Ke ce da wankin ƙyalle kullum, ke ce ba ki iya zama a tabarmar mutane sai kin miƙe kin waiga bayan zaninki, ke ce tsakar dare a banɗaki da fitilar waya kina duba ko ya ɗauke. Ki koma wurinsa kuma ya ce jikinki ne bai karɓa ba, ya miƙo miki wani magani na wani kuɗin. Wasu ma'aikatan asibitin ma ba su tsira ba, ki je da kuka a ce ai ke kika kai kanki. Allah Ya isa dai.

Duk da haka asibitin za ki je, ba kemis ba. Tun 2011 gwamnatin tarayya ta mayar da kayan tazarar haihuwa kyauta a asibitocinta da na jihohi, sai dai a ce ki sayi safar hannu ko kati, ko a ce kaya sun ƙare ki dawo. Ki je da sassafe. Kuma kada ki jira gobe idan jinin ya koma zuba sosai har kina jiƙa audugar mata cikin awa ɗaya ko biyu, ko jiri na ɗibar ki, ko mara na ciwo da zazzaɓi, ko ruwa mai wari na fita, ko jinin na zuwa ne bayan kwanciya da maigida. Waɗannan ba a ɗora wa allura su sai an duba bakin mahaifa, an yi gwajin ciki.

Ashana kuwa, kada ki ruga. Maganin da ke cikinta dangin na allurar ne, kuma rikicewar jini shi ne babban ƙorafin masu ita. Daɗinta ɗaya, in ta dame ki a ciro ta, haihuwa ta dawo nan da nan. Akwai mai suna Implanon, sanda ɗaya, tana aiki shekara 3. Jadelle sanda biyu, shekara 5. Lokacin da ya fi dacewa a sa miki shi ne ranar da ya kamata ki maimaita allurar. Kafin a tsaga hannun ki tambaya wa zai cire, nawa ne, don a nan ake wulaƙanta mata: sawa kyauta, cirewa a ce mai yi ba ta nan. In kina shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya ki faɗa, wasunsu na rage mata ƙarfi. In magani ne gaba ɗaya ba kya so, robar mahaifa mai jan ƙarfe babu shi a cikinta, tana kai shekara 10, amma takan ƙara yawan jinin al'ada.

Sallah ma na san tana damun ki. A mazhabarmu ta Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, abin da ya wuce istihala ne, ki yi wanka ki ci gaba da ibada. Mai ɗaukewa yana dawowa lissafinsa daban ne, ki kai wa malamarku ta Islamiyya da kwanakin a rubuce. Wannan ma zai rage tsakin maigida. In zai yarda, ku je asibitin tare ya ji da kunnensa.

In kuna son wani cikin nan kusa, ki sani bayan allurar ƙarshe akan ɗauki kamar wata 10, wata macen ta haura shekara, ba rashin haihuwa ba ne. Yanzu ki nemo ranar da aka yi miki, ki ƙirga sati 13 ki rubuta a bayan kalanda, ki je da ita asibitin.