Mudu biyu a rumfar Kawu

Tambaya

Mama, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni saurayi ne, shekarata 22, ina taya kawuna sayar da hatsi a babbar kasuwar Garwa. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Mudu biyu gare mu. Babban muke ɗauka in za mu sayo masara wajen manoma a Ngong, ƙaramin kuma, wanda aka bubbuge gindinsa, da shi muke auna wa masu saye. Da na yi magana, Kawu ya ce kowa haka yake yi, kuma ceto ta wurin alheri ne, ba ruwansa da mudu. Shi ma mai bi ne, ba ya fashin sujada. Tun da na yi baftisma lokacin Ista, hannuna nauyi yake yi in na ɗauki ƙaramin. Amma an ce mu girmama iyaye. Wanne zan bi?

Wani ɗan'uwa daga Garwa

Amsa

Ɗana, ka gode wa Allah da nauyin hannun nan. Lamirinka ne da ransa. Abin da nake ji maka tsoro shi ne ranar da za ka ɗauki mudun ka ji shi sakayau.

Maganarku tana cikin Littafi Mai Tsarki, kamar an leƙa rumfarku kafin a rubuta. Buɗe Maimaitawar Shari'a 25:13-16. An hana mutum ajiye ma'auni iri biyu a jakarsa, ko mudu iri biyu a gidansa, babba da ƙarami, har aka ce mai yin haka abin ƙyama ne ga Ubangiji. Annabi Amos kuma, a sura 8, ya yi maganar 'yan kasuwa masu ƙosawa Asabar ta wuce su koma ciniki, su rage mudu, su ƙara kuɗi, su haɗa alkama da ƙaiƙayi. Ka lura, su ma ba sa fashin sujada.

Bari in ba ka nawa labarin, don kada ka zaci daga kan kujera nake magana. Lokacin yunwar 1985 ina sayar da wake da gyaɗa a ƙofar gidanmu a Domayo, cikin Marwa. Ni ban bubbuge mudu ba, babban yatsana ne ya iya aiki. In na cika, sai in share tsororuwa ina hira da mai saye, ba ya ko gani. Daga nan na fara zuba tsohon wake mai ƙwari a ƙasa, in rufe da sabo. 'Ya'yana biyar a lokacin, kuma kullum ina gaya wa kaina don su nake yi. Wata rana wata tsohuwa Bafulatana, maƙwabciyarmu, ta dawo da waken a ƙwarya. Ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye, ta dube ni ta ce, "Ashe ku ma?" Ta san ni da zanen zumuntar mata, tana jin waƙarmu kowace Lahadi. A addininsu ma tauye mudu haramun ne, ta sani. Ban yi barci ba daren nan.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba waken ba ne. Da na zauna na binciki kaina, sai na tarar yatsan nan ya bi ni har cikin ɗaki. Kuɗin cefane in maigida ya ba ni, na iya rage masa tsororuwa. Yaro ya tambaye ni abu, ƙarya ce ke fara zuwa bakina kafin gaskiya. Ban taɓa zama na ce zan zama maƙaryaciya ba. Awo ne kawai, sau 30 ko 40 a yini, har hannu ya koya wa zuciya. Muna cewa hali zanen dutse, to dutsen nan da kaɗan-kaɗan ake zana shi, kuma kai naka yanzu ake kan zanawa. Abin da Yesu yake nufi ke nan a Luka 16:10, da ya ce mai aminci a ƙaramin abu zai yi aminci a babba, marar gaskiya a ƙarami kuma haka zai zama a babba. Biyayyar ma haka take shiga jiki. Watannin farko da na daina, kowane awo sai na yi kokawa da kaina. Bayan shekara guda, sai na ga na daina tsoron fuskar mai saye, in ya dawo ba na faɗuwar gaba.

Kawunka ya faɗi gaskiya rabi. Ceto kyauta ne, ba a saye shi da mudu mai kyau, Afisawa 2:8-9 ta faɗa sarai. Amma bari ya ƙara karanta aya ɗaya, ta 10, inda aka ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Dubi Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko. Yesu bai ce sai ya biya mutane kafin ya shiga gidansa ba. Shiga ya fara yi. Amma da ya shiga, Zakka da bakinsa ya ce zai mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Alherin da ya shiga gida bai bar aljihu yadda ya same shi ba.

Kuma kada ka manta da babban mudun, don ni shi ya fi ci mini rai. Manomin da ke sayar da masararsa da kaka, lokacin da take arha, ba don yana so ba ne. Bashin taki ne da kuɗin makarantar yara suka kore shi kasuwa. A watan Agusta, rumbu ya ƙare, shi ne zai dawo ya sayi hatsin nan da tsada, a auna masa da ƙaramin. Mutum ɗaya aka yanka sau biyu.

Batun girmama iyaye kuwa, umarni ne, kuma Kawu ubanka ne, wanda ya ci da kai. Sai dai Afisawa 6:1 ta ce a yi musu biyayya cikin Ubangiji, Bitrus da manzanni kuma sun ce wajibi ne a bi Allah fiye da mutane. Ƙin ɗaukar mudun ba raini ba ne. Rainin yana cikin yadda za ka ƙi. Kada ka yi masa magana a kasuwa gaban maƙwabtan rumfa, kada kalmar sata ta fito daga bakinka. Ka bari sai dare, ya ci tuwo ya huta, ka durƙusa ka gaishe shi, ka fara da godiya kan riƙon da ya yi maka. Sannan ka ce, "Kawu, ni ne na kasa, zuciyata ba ta ba ni." Ka je da lissafi a hannu: mudu ɗaya na saye da sayarwa, a ɗora ribar a kan farashi, a fili, kowa ya ji. In ya ƙi, ka roƙe shi ya bar ka a ɗinkin buhu da lodi, awon ya koma hannunsa. In abin ya kai ga fushi, ka nemi dattijo ɗaya na ikilisiya wanda yake jin nauyinsa, ku je tare, kamar yadda Matiyu 18 ta tsara. Ɗaya, ba taro ba.

Ba zan yi maka alkawarin riba za ta ƙaru ba. Ni tawa raguwa ta yi, daminar nan sau da yawa kunu muka sha muka kwanta, kuma wasu masu saye sun koma inda farashi ya fi sauƙi ko da mudun ƙarami ne. Kai ma Kawu yana iya ɗaure maka fuska makonni. Ka ci gaba da riga shi zuwa rumfa, ka share, ka jera buhuna, ka kai wa matarsa ruwa kamar da, don ya gani da idonsa cewa ba hidimarsa ka gaji da ita ba.

Tsohuwar nan, washegari na kai mata sabon wake mudu biyu, da tsororuwarsa. Ta karɓi ɗaya ta mayar mini da ɗaya, ta ce ɗaya ta saya. A wurina ta ci gaba da awo har ta rasu. Ka sake rubuto mini bayan kaka, in ji yadda kuka ƙare da Kawu. Ina sa ku duka biyu a addu'a.