Jijjigar hanya tana lalata ruwan inabi na kwalba?

Malam, ka ce ka ɗauko katan-katan na ruwan inabi mai gas domin biki, hanya duk ramuka, kana tsoron ya lalace. Kwantar da hankalinka. Muddin murfin bai saki ba, jijjiga ba ta canza ɗanɗanonsa. Gas ɗin ne kawai ya harzuƙa, in ka buɗe yanzu rabinsa a rigarka zai ƙare. Jera kwalaben a tsaye cikin firji su kwana.

Zafi ne babban mai ɓata shi, musamman in aka bar shi a but ɗin mota da tsakar rana. Kwalbar da ta tsage ko take yoyo, zubar da ita, kar ka ji asara. Wajen buɗewa kuma a kawar da bakinta daga fuskar mutane. In murfin ya harbi ido, kar a murza, a garzaya wurin likitan ido.