Gizaka ta taɓa ni, me zan yi? Likita ya amsa

Tambaya: Likita ina son ɗaukar hoton gizaka da waya, ya zan gane mai harbi? (ɗalibi, Daura)

Ƙanena duk wadda ka gani da gashi ko ƙayoyi a bayanta ka ɗauka mai harbi ce. Ka zuƙo hoton daga nesa, kar ka aza ta bisa hannu. Hoton ma yana taimaka mamu in an kawo mara lafiya.

Tambaya: In ta mutu fa?

Gashin yana nan da dafinshi. A share da tsintsiya.

Tambaya: Ta faɗo mani a wuya ƙarƙashin mangwaro, aka shafa mani kananzir. (manomi, Mashi)

Haba Malam, kananzir kuma? Ƙona fata kawai zai yi, haka man birki. A manna salatif a wurin a ɓanɓare sau da yawa gashin ya fita, a wanke da sabulu, a aza tsumma mai sanyi, a sha Piriton don ƙaiƙayi. Kar a sosa. In leɓe ko harshe ya kumbura ko numfashi na sarƙewa, asibiti nan take ko tsakar dare ne.

Tambaya: Yarona ya kama gizaka ya murza ido, kakarshi ta ɗiga mashi nono da ruwan sikari, yau kwana 3 idon jajir. (wata uwa, Ƙofar Sauri)

Hajiya wannan ita ta tada mani hankali wallahi. Gashin nan siriri ne sosai kuma da 'yan ƙayoyi a jikinshi, shi ya sa in ya shiga baya fitowa da kanshi, duk murzawar da yaron zai yi ƙara tura shi ciki take, har ya kan huda baƙin ido ya wuce. Nono baya ciro shi, sikari ma haka, sai dai su kai ƙwayoyin cuta wurin da ya riga ya ji rauni. Na san Gwaggo tausayin jikanta take ji, ki lallaɓa ta, amma don Allah a daina, kwalli ma kar a sa, kuma kar ki yarda wani ya lashe idon da harshe. Kar ki sayi maganin ɗigawa a kemis, wasu da sitiroyid (sinadarin rage kumburi) a ciki, in da gyambo a idon ɓata shi za su ƙara yi. Likitan ido yana da na'urar da zai hango gashin ya zare shi ɗaya bayan ɗaya. Ki kai shi yau, kar ki jira Litinin, kuma ko jan ya ragu ki koma ranar da aka ce maki don wani gashin sai daga baya yake bayyana.