Amsa kan tsara bayanan filaye da yaran ofis

Salamu alaikum ɗan'uwa. Na ga tambayarka, ka ce kamfaninku na sayen gonaki a bayan garin Zinder kuna yanka filaye, an ɗora ka kan yara huɗu masu aikin taswira, ga fayil ko'ina, wasu a AutoCAD wasu a Excel wasu ma a WhatsApp, kana son sanin wane logisiyel za ku saya. Na daɗe a harkar nan, shawarata kar ka kashe ko dala tukuna, QGIS, logisiyel ɗin zana taswira da ajiye bayananta, kyauta ne kuma ya ishe ku. Ciwon da ke damun ku shi ne fili ɗaya na da suna uku a wuri uku.

Don haka fara da lamba. Kowane fili a ba shi lamba guda, sunan lotisma (yankin da aka yanka), lambar ilo (rukunin filayen da hanyoyi suka zagaye), sai harafin farsel (filin kansa), kuma ita za ta hau rasit, ta hau taswira, ta hau hoton akt da sesiyo, wato takardar mallakar fili, in hukumar gari ta sa hannu, ta hau jakar takardun. Kar ku kuskura ku dinga neman fili da sunan mai saye, wannan ya rubuta Mahamadou wancan Mahaman wani Mamane, mutum ɗaya ne ko uku, Allah kaɗai ya sani, kuma ta nan ake sai da fili sau biyu ba tare da kowa ya yi niyyar cuta ba. In aka raba fili ko aka haɗe biyu, tsohuwar lamba ta mutu kenan, a ajiye ta a tarihi a fidda sabuwa.

Sai maganar koordone, wato lambobin X da Y masu nuna inda wuri yake a taswira, nan ne yara ke shan wahala. A tsarin UTM, wanda ya raba duniya yanki-yanki da ake kira zon, Zinder tana zon 32 ta arewa, a QGIS 32632 kenan, Yamai kuma 31 ce. Plan da yawa na AutoCAD ba sa faɗin tsarin da aka yi su da shi, yaro ya buɗe ya zaɓi 31 don ita aka koya masa a Yamai, sai ka ga gonarku ta tashi ta sauka can wajen Balleyara, sama da kilomita 600. Ga hanyar ganewa da ido: garin nan kusan kan layin digiri 9 yake, tsakiyar zon ɗin, saboda haka X ɗinku zai zama kusa da 500,000, Y kuma miliyan ɗaya da dubu ɗari biyar da ashirin da wani abu. In ka ga lamba ta yi nisa da haka tsaya ka bincika. Tsofaffin plan kuma wasu ba a kan WGS84, tsarin da GPS ke aiki da shi, aka yi su ba, ka tambayi jeyometir, wato mai awon, da ya yi, ko ku je ku auna born, wato turakun iyaka, uku huɗu da ke tsaye har yanzu ku gwada.

GPS na waya kuskurensa kan kai mita 3 zuwa 5, ya yi don gane inda gona take, amma ba a kafa born da shi, mita 3 a fili ɗaki ne guda. Hoton Google Earth ma haka. Ku buɗe gurbi a tebur ɗinku da zai nuna da me aka auna, wa ya auna, yaushe.

Game da yaran, fayil uwa ɗaya za ku yi, irin wanda ake kira GeoPackage, don ɗayan irin, shapefile, yana datse sunan gurbi ya bar haruffa 10 kawai, kuma mutum ɗaya ne ke da ikon rubutu a ciki, sauran su kawo masa. In ba haka ba gobe ka tarar da plan_final, plan_final2, plan_final_na_gaskiya, kowa na rantsuwa nasa ne daidai. Wanda ya shigar da bayani ba shi ke duba kansa ba. Kuma na ofis ya dinga fita daji lokaci lokaci, wanda bai taɓa taka wurin ba zai zana maka farsel a kan dutse ko cikin tafki hankalinsa kwance, mu kuwa ka san duwatsun garin nan da yadda ruwa ke kwanciya a kwari cikin watan Agusta. Tafki, hanyar ruwa, burtali, maƙabarta, filin da aka ware wa makaranta da masallaci, duk a zana su kafin a yanka ko farsel ɗaya.

Mafi wuya kuma shi ne oga. Zai bugo waya daga mota ya ce a canza wa Alhaji wane fili a ba shi na bakin titi, ka ce to ranka ya daɗe, amma a turo a rubuce ko da saƙon waya ne, ka shigar a littafin canje-canje da kwanan wata. Ranar rigima littafin nan ne zai fid da kai.

Gonar da za ku saya, a ƙarƙashin dokar Code Rural ta 1993 akwai kwamitocin filaye, COFO, har matakin ƙauye masu ba da takardar shaidar sayarwa da ta mallakar gado, ku karɓa, ku zagaya iyaka da maƙwabta da mai gari da magada ranar awo, a ɗau hoton takardun a liƙa su da lambar gonar.

Kwafi kuma duk Juma'a, diski biyu, ɗaya ya kwana a wajen ofis, zafi da ƙura da ɗaukewar wuta ba sa barin kwamfuta ta tsufa. In hannu ya yi muku kaɗan akwai ɗaliban jeyografi a jami'ar André Salifou masu neman staj, su taya ku shigar da tsofaffin takardu. Turo min jerin gurabun da ke Excel ɗinku, ban da sunayen mutane, in duba in gaya maka waɗanda za a zubar.