Memorin wayata ya ƙi fomatin, ko yana gyaruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga Nima nake, a Accra. Memorin wayata mai GB 32 ya daina karɓar sabon abu. Ina iya sauraron karatun da ke ciki, amma duk hoton da na goge, da na kashe wayar na kunna sai in tarar ya dawo. Sau uku ina gwada fomatin yana ƙi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka dakata da fomatin tukuna. Tunda memorin yana buɗewa, yau ɗin nan ka cire shi, ka sa a kwamfuta, ka kwashe karatun da hotunan gaba ɗaya, domin memorin da ya kai wannan hali yana iya daina buɗewa ba tare da wani gargaɗi ba.

Bayan haka sai ka duba adaftar da ka zura shi a ciki. Ƙaramin memorin waya ba shi da makulli a jikinsa, amma adaftar tana da ɗan maɓalli a gefen hagu, wanda idan ya zame ƙasa kwamfuta ba za ta yi rubutu a kansa ba. Ka tura shi sama. Idan bai saki ba, ka buɗe diskpart, manhajar sarrafa faifai da ke cikin Windows, ka zaɓi memorin, kana lura sosai da girmansa kada ka taɓa faifan kwamfutar, ka rubuta "attributes disk clear readonly", sannan ka yi fomatin da manhajar SD Card Formatter, wadda ƙungiyar SD Association ke bayarwa kyauta. Wajen fomatin, memori mai GB 32 tsarin ajiyar fayil na FAT32 yake ɗauka, daga GB 64 zuwa sama kuwa exFAT.

Sai dai gaskiya, dawowar hotunan nan ita ta fi damuna. Kowane memori yana da iyakar yawan rubutu da gogewar da zai iya jurewa, kuma akwai 'yar na'ura a cikinsa da ke lura da lafiyarsa. Idan ta ga ɗakunan ajiya sun gaji, sai ta kulle rubutu ta bar karatu kawai, don mai shi ya samu ya tsira da kayansa. Wayar tana nuna maka ta goge, alhali umarnin bai shiga ba. Irin wannan kulli daga ciki yake, kuma manhajojin da muke da su a waya ko kwamfuta ba sa buɗe shi. Don haka idan matakan sama suka ƙi, kada ka kashe sidi ko ɗaya wajen gyara.

Idan za ka sayi sabo, a kasuwar wayoyi ta Circle da ke Accra ne ko a ko'ina, ka gwada shi da H2testw, manhajar kwamfuta mai auna ainihin girman memori, kafin ka zuba komai, saboda jabun memori yakan nuna GB 64 alhali cikinsa bai kai haka ba. Tsohon kuma, tunda hotunan iyalinka ba za su gogu daga cikinsa ba, kada ka ba kowa. Ka karya shi gida biyu bayan ka tabbatar kwafin yana buɗewa.