Korona ta wuce ne, ko doka kawai aka ɗage?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a Bauchi, gida ɗaya da uwar mijina. Hajiya ta haura shekara 70, tana da ciwon suga da hawan jini, allurar korona kuwa sau ɗaya ta yi ta ce ba ta ƙarawa. Yanzu kowa ya ajiye takunkumi, biki da suna sun dawo, ita kuma ba ta bari ko ɗaya ya wuce ta. Ga yarana kullum da mura suke dawowa daga makaranta, ɗakinta suke fara faɗawa. Maigida ya ce korona ta wuce, in daina ɗaga hankalina. Haka ne? In ba haka ba ne, yaya zan yi, tunda ba ni da bakin hana surukata fita?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri.

Maigidanki bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa zancen ba. Abin da ya wuce shi ne halin da aka shiga a 2020, lokacin da babu rigakafi, jikin kowa bai san cutar ba, aka rufe makarantu da iyakokin jihohi, har Gwamna Bala Mohammed ya kamu a watan Maris na shekarar. Yau mutane da yawa sun yi allura, wasu sun kamu sun warke ba su ma sani ba, shi ya sa a watan Afrilun 2022 gwamnatin tarayya ta ɗage dokar hana yawon dare da ta taƙaita taro. Ƙwayar cutar dai tana nan tana zagayawa. Nau'in Omicron da ya ɓulla a ƙarshen 2021 ya fi na baya saurin yaɗuwa, kuma a jikin yaro ko matashi yakan zo kamar mura ya wuce. A jikin mai shekara 70 da ciwon suga, lissafin daban ne. Ki duba Saudiyya: da ta buɗe Hajjin 2022 ga alhazan waje, wanda ya haura shekara 65 ba a ba shi kujera ba.

Saboda haka ba duk gidan za ki sa wa ido ba. Hajiya ce.

Ba na goyon bayan a killace ta. Tsohuwar da aka hana zumunci, ta wuni ita kaɗai a ɗaki, damuwa ce za ta kama ta, jinin ya hau, abincin ya ƙi shiga. Ta je bikinta. Abin lura shi ne inda za ta zauna. Korona a iska take tafiya, a cikin numfashin wanda yake ɗauke da ita, kuma taruwa take yi a rufaffen wuri kamar yadda hayaƙin turaren wuta yake cika ɗaki in an ja labule. Ɗakin amarya ko na mai jego, mata goma sha a kan tabarma, taga a rufe saboda ƙurar hunturu, ana hira ana shewa tun azahar har magariba, nan ne hatsarin yake. Ta shiga ta yi barka, ta sa albarka, a shimfiɗa mata darduma a tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa. Babu wanda zai ga laifin dattijuwa don ta ce zafi ya dame ta. Takunkumi kuma ta ajiye guda a jaka saboda wuri biyu: motar haya in za ta Azare ko Gombe, da layin ganin likita ranar da take zuwa duba suga, domin can ne masu tari suke haɗuwa.

Sai maganar allura, wadda ta fi duk sauran nauyi. Ki nemo katinta ki ga wacce aka yi mata. In Johnson & Johnson ce, guda ɗaya ce cikakkiya, amma a ƙa'idar 2022 ana ƙara ta ƙarfafawa bayan wata 2. In AstraZeneca ce ko Moderna ko Pfizer, to rabin hanya ta tsaya: a ƙa'idar lokacin akwai ta biyu, sannan ta ƙarfafawa bayan wata 6. Ba sai an sake daga farko ba don an daɗe. Ki tambaya a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da ku wacce ake yi yanzu. Allurar ba ta hana kamuwa ɗungurungum, kada a yi mata wannan alkawarin. Aikinta shi ne in cutar ta zo, ta rage yiwuwar a kai ga kwanciya da iskar oksijin. In ciwon hannu da zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu ne suka sa ta ƙi komawa, wannan sananne ne kuma farasitamol yana kwantar da shi. Na san maganar ba za ta yi daɗi daga bakinki ba. Ki bi ta wajen ɗanta, ko babbar 'yarta, ko ki roƙi likitan da yake duba sugarta ya faɗa mata da kansa. Tsofaffinmu sun fi jin magana daga mai farar riga.

Yaran kuwa, ba za ki iya bambance mura da korona da ido ba, ni ma ba zan iya ba sai da gwaji. Ɗaukewar jin ƙanshi da aka san cutar da shi a farko ya ragu sosai da zuwan Omicron. Dabara mai sauƙi: duk wanda yake atishawa ko tari a gidan, yaro ko babba har da maigida, ya gaida Hajiya daga bakin ƙofa, kada ya kwana a ɗakinta, kada su ci a kwano ɗaya. Kwanaki 5 na farko sun fi yaɗa cutar, kodayake takan kai kwana 10. A ɗaga labule iska ta ratsa, a wanke hannu da sabulu. Jikoki da kaka, na sani, raba su aiki ne.

In ita ce ta kwanta da zazzaɓi, kada a ce maleriya ce a tura yaro kemis. A gwada jini, minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito. A Bauchi akwai ƙarin dalili: jihar tana cikin waɗanda suka fi fama da zazzaɓin Lassa tare da Ondo da Edo, kuma da rani yake tashi. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya bayan kwana 2 ko 3, asibiti yake so. Kada kuma ta ajiye maganin suga da na hawan jini da kanta don ba ta cin abinci. Rashin lafiya yana hargitsa suga, sai a yawaita aunawa a kira likitanta ya daidaita. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne Dexamethasone da wasu suke saya don sun ji ana bai wa masu korona. Wanda aka sa wa oksijin a asibiti ake ba, kuma yana harba suga sama. Kulorokwin ba ya maganin korona, haka ma magungunan kashe ƙwayoyin bakteriya irin su Amoxicillin.

Haki tana zaune, ciwon ƙirji, rikicewar magana, barcin da ake tashinta da ƙyar, ko ta kasa shan ruwa: ko ɗaya kika gani, kada a jira gari ya waye, a nufi asibitin koyarwa na ATBU ko babban asibiti mafi kusa. In da hali ku sayi 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini. Ƙasa da 94 a nemi likita, 90 zuwa ƙasa a tafi nan take. In ta sha lalle mai duhu a farce, a gwada yatsan da bai kama sosai ba, kuma a ɗumama hannun kafin a auna, don yatsa mai sanyi yakan ba da lambar da ba daidai ba.