Tambaya da Amsa: In mun buɗe namu gidan Mastodon, wa zai riƙa raba faɗa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina gajiya. Ni ɗalibi ne a nan Tawa. Muna da gurup na WhatsApp na 'yan unguwarmu har da waɗanda sunka tahi ci-rani Abijan da Libiya, kullum sai an yi faɗa, mutum guda ya turo bideyo talatin cikin dare forfe ya ƙare, in admin ya hidda shi a ce ya yi mishi wulaƙanci, maganar har ta kai ga iyaye. To wani abokina ya ce akwai wani abu Mastodon wanda babu mai shi, kowa na iya buɗe nashi kuma babu kamfanin da zai rufe ka. Gaskiya ne? Mu koma can? In mun buɗe, wa ke hukunci? Daga wani ɗalibi, Tawa.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, gajiya ta bi lahiya. Abokinka ya faɗi rabin gaskiya, rabin da ya bari kuwa shi ne mai nauyin.

Mastodon manhaja ce da wani matashi a Jamus mai suna Eugen Rochko ya hitar a 2016, kuma ya bar ta a buɗe, duk mai so ya ɗauka ya ɗora a kan tashi saba, wato kwamfutar da ke riƙe gidanshi na Mastodon a intanet. To daga nan ne maganar "babu mai shi" ta samo asali. Amma kowace saba tana da mai ita, da sunanshi, shi ke biyan kuɗin haya, shi ke da makulli. Ka ɗauke ta kamar fada ta samari, kowace fada da tabarmarta da butar shayinta da shugabanta, ɗan fadarku na iya zuwa wata fada ya yi hira ya dawo, amma in ya yi rashin kunya can su ke da ikon cewa kar ya sake taka musu wuri. Abin da ke haɗa gidajen shi ne wata ƙa'ida da ake kira ActivityPub wadda anka tabbatar a 2018, kamar dai yadda mai layin Airtel ke kiran mai Moov a ji juna. Shi ya sa adireshinka ke da @ biyu, na farko sunanka, na biyu sunan gidanku. Kuma ba Mastodon kaɗai ke bisa wannan hanya ba, akwai Pixelfed na hotuna, akwai PeerTube na bideyo wanda wata ƙungiya ta Faransa, Framasoft, ta yi. Mutane sun yi tururuwa zuwa Mastodon a ƙarshen 2022 lokacin da Elon Musk ya sayi Twitter.

Sai dai kahin ka kwashi 'yan unguwa ka tahi da su, ka san wannan: Mastodon ba gurup ba ne, dandali ne. Abin da ka rubuta a bainar jama'a yake sai in kai ka taƙaita masu gani. Sanarwar suna da rasuwa da tarin kuɗin maras lahiya, wallahi ku bar su inda suke a WhatsApp. In kuma abin da kuke so wurin tattauna karatu ne, labarin Adar, farashin albasa, ƙwallo, rubutu da Hausa wanda ɗan Kano ko ɗan Damagaram zai gani ya amsa, to nan Mastodon na da amfani, babu talla, kuma rubutun waɗanda kake bi na zuwa ne bi da bi yadda anka rubuta su.

Yanzu batun hukunci, wanda shi ne ainihin tambayarka. Ku ne. Babu wani ofis a Amurka da za a kai ƙara. In wani ya kai rahoton wani rubutu, gun admin ɗin gidanku zai faɗo, shi zai duba ya ja kunne, ko ya goge rubutun, ko ya rage ma mutum murya ta yadda sai masu bin shi kaɗai ke ganin shi, ko ya rufe kont ɗin gaba ɗaya. Kuma akwai babbar sanda, gida na iya bloke wani gida sukutum. An yi haka a 2019 da dandalin Gab ya koma amfani da manhajar Mastodon, gidaje da yawa sunka yanke hulɗa da shi saboda kalaman ƙiyayya da ke yawo can. Ka ga ke nan in kun yi sakaci kunka bar mutum biyu suna zagin mutane da sunan gidanku, ba su kaɗai za a kora ba, duk 'yan gidan za a rufe ma ƙofa, har da baiwar Allah da ba ta taɓa cewa uffan ba.

Ni abin da ya sa nake son ganin Hausawa sun riƙe nasu gidaje shi ne harshe. Admin da ke zaune Turai, ko da mutumin kirki ne, bai san habaici ba. Mace za ta iya yi ma wata gugar zana ta tsawon sati ba tare da kalmar zagi ko ɗaya ba, na'urar fassara ta ce mishi hira ce kan tukunya da murhu. Can kuma Bafillace ya ce ma Babarbare "bawana", shi admin ya firgita ya rufe kont, alhali wasa ne na kaka da kakanni, irin wanda UNESCO ma ta sa cikin al'adun gado na Nijar a 2014. Wanda ya tashi cikin mutane kaɗai ke iya rarrabe wanga da wancan, kuma wani lokacin ko shi sai ya kira su biyun a waya ya ji muryarsu.

Amma wannan kusancin shi ne kuma wahalar, kai ma ka gani a gurup ɗinku. Wanda za ka dakatar ɗan kawunka ne, gobe za ku haɗu a masallaci. Don haka ku rubuta dokokin gida da Hausa tun ba a yi faɗan farko ba, gajeru, kowa ya karanta ya amince kahin a buɗe mishi kont, Mastodon na da tsarin da sai admin ya yarda sannan mutum ya shiga, ku kunna shi. Ran da rikici ya zo ba kai ka hukunta shi ba, dokar da ya sa ma hannu ce. Kar mutum guda ya riƙe aikin, ku zama uku aƙalla, a samu mace cikinku don akwai ƙarar da mace ba za ta kawo ma namiji ba, a samu kuma ɗaya cikin na ci-rani. Kuma ku tuna gidan intanet bai hi ƙarhin dokar ƙasa ba, Nijar na da dokar laifukan intanet tun 2019, an ƙara tsananta ta a 2024 kan ɓata suna da zagi.

Kuɗi ma na nan, hayar saba duk wata, sunan adireshi duk shekara, ga hotuna da bideyon wasu gidaje da ke taruwa suna cika rumbun. Kar ku ce za ku aje kwamfutar a ɗaki, da zahin Tawa da ɗaukewar wuta ba za ta kai labari ba. Gidajen da Mastodon ke tallatawa a hukumance sai sun yi alkawarin adana kwafin bayanai kullum, da samun mutum na biyu mai makulli, da ba da sanarwar wata 3 kahin a rufe, ku ma ku ɗauki wannan alkawari. Shawarata ku biyar ko shida ku fara shiga gidan wasu a matsayin baƙi, ku yi wata huɗu kuna kallon yadda suke raba gardama, sannan ku zauna ku ga ko akwai mai iya ɗaukar nauyin.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Na buɗe kont a wata saba, wani mutum daga wata saba daban ya dame ni da saƙo, na ce ya bari ya ƙi. Kuma shin saƙon sirri a can sirri ne da gaske? Daga wata 'yar'uwa, Yamai.

AMSA: Barka kadai 'yar'uwa, Allah ya raba ki da sharrinshi. Kar ki ƙara amsa mishi. Ki bloke shi, sannan ki kai rahoto, wurin kai rahoton akwai zaɓin tura kwafi ga admin ɗin gidanshi, ki danna shi, ki kuma ɗauki hoton saƙonnin ki aje.

Saƙon sirri na Mastodon ba a kulle yake kamar na WhatsApp ba, mai riƙe da sabarki da mai riƙe da sabar wancan duk suna da hanyar gani in sun so, kuma in kika ambaci adireshin wani na uku cikin saƙon shi ma zai gani. Kar ki tura hotonki na gida ko lambar waya ta nan. In admin ɗinki ya yi banza da ƙararki, ki tashi ki koma wani gidan, akwai tsarin ƙaura cikin saiti, masu bin ki za su biyo ki, amma tsohon rubutunki ba ya biyo ki, don haka ki sauke kwafinshi a wayarki kahin ki tahi.